Yadda zaka haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot, daga kwali har ya tashi

Duk wanda ya taso a Palladan ko Hanwa ko Samaru a Zariya ya san ƙarar ƙananan jiragen nan na makarantar koyon tuƙin jirgi, tun 1964 aka kafa ta kaga kenan iyayenmu ma a ƙarƙashin wannan ƙarar suka girma. Mu da muna yara in mun gaji da motar kara sai mu koma jirgi, a ɓare bayan karan dawa a tsittsira a totuwa, a ɗaura zare ana gudu dashi a layi. Toh wannan sha'awar ce bata sake ni ba har na girma na fara haɗa na gaske mai batir da rimot, kuma tunda yara da manya suna yawan tsayar dani a fili suna tambaya, nace bari in zauna in rubuta yadda abin yake tun daga farko.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Yawancin jiragen da suke faɗuwa ranar farko tun a ɗaki aka kada su, wurin haɗi, saboda gaggawa. Mutum ya ƙosa yaga abu a sama sai ya tsallake awo biyu uku da basu kai minti goma ba, ya fita fili, cikin sakan biyar kuɗinsa ya zama tarkace. Don haka inda na daɗe ina bayani a ƙasa kaima ka daɗe a wurin.

Zaɓen kit ɗin farko, wato kwalin sassan jirgin da zaka haɗa. Nasan ido yana kan mai kamar jirgin yaƙi, dan Allah ka haƙura dashi tukuna. Nemi na koyo, wanda fiffikensa yake saman gangar jiki, faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan mita 1 zuwa 1.4, kuma in ka kalle shi ta gaba kaga fukafukan sun ɗan ɗaga sama kaɗan. Wannan ɗagawar ita ke sa in ya karkace ka saki hannu ya nemi komawa daidai da kansa. Akwai na katakon balsa, wani katako ne mara nauyi da akasari daga ƙasar Ekwado ake kawo shi, yana da kyau sosai in an gama amma aikinsa na makonni ne kuma in ya daki ƙasa sai ka tsince shi a leda. Na fom shine na mai koyo, musamman wanda aka rubuta EPO ko EPP, ya karye ka shafa gam gobe ka koma fili. In ka samu wanda farfelarsa take baya saman fiffike tana turawa ya fi, don duk faɗuwar da zai yi da hanci zai yi ta, moto da farfela suna can baya lafiya lau.

Sannan ka karanta tallan da kyau kafin ka tura kuɗi. In an rubuta KIT kawai to gangar jiki ce zalla babu kayan wuta ko ɗaya, in PNP ne akwai moto da sauransu a jiki amma babu rimot babu batir babu caja. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, kwali ya iso su buɗe suga fom kawai.

Kayan wutan da zasu ɗauki jirgin da bai wuce kilo 1 ba sune moto mai lamba 2212 na 1000KV, farfela 10x4.5, da ESC mai 30A wato ɗan akwatin da ke tsakanin batir da moto yana sarrafa gudunsa, kuma shi ke rage wuta zuwa bolt 5 ya ba risiba, wato abin da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi. Wannan KV ɗin juyi ne, 1000KV na nufin juyi dubu a minti kan kowane bolt ɗaya in ba farfela, kaga da batir ɗinmu ya haura dubu 11 kenan, shi yasa farfelar nan ba abin wasa bace tana yanka yatsa kamar reza. Sai sarbo guda huɗu masu giram 9, ƙananan injina ne masu hannu da ke ja da tura fallayen fiffike da na wutsiya. Batir kuma LiPo 3S, wato mai sel uku a ciki, mai 2200mAh. Rimot ni FlySky FS-i6 nake ba mai farawa shawara, layi shida ne da ita, tana zuwa da risibarta, batir AA huɗu take ci irin na tocila ƙarama. Caja kuma irin iMAX B6 ko makamanciyarta, muddin tana daidaita sel-sel. Amma dai in takardar kit ɗinka ta faɗi girman moto da farfela, bi nata ka bar nawa, musamman mai farfela a baya wanda wurin baya ɗaukar inci 10.

Sayi farfela a ƙalla huɗu. Zaka karya. Batir kuma gara ka nema wurin masu sayarwa a cikin ƙasa don ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko shi a jirgi daga waje ba.

Sauran tarkacen aiki duk akwai su a kasuwar Sabon Gari ko PZ, reza sabuwa, rula, filaya, ƙaramin sukundireba, salatif mai faɗi, da gam. In baka iya liƙin dalma ba kar ka koya a kan wayar batir, ɗauki ESC da kan XT60 ɗinka, wato kan da ake jona batir dashi, ka kai wa mai gyaran rediyo ko waya ya liƙe maka, ka tsaya a kansa ka tabbatar ja ya tafi wurin alamar + baƙi ya tafi wurin -, in aka juya su ESC ɗin ya ƙone nan take.

Maganar gam tana da muhimmanci a garin nan fiye da yadda masu bidiyon ƙasashen sanyi suke nunawa. Su zaka ga suna ta aiki da gam ɗin kyandir na bindiga, yana da sauri kam, amma ka tuna zafin watan Maris da Afrilu a Zariya, ka bar jirgi a but ɗin mota ko a rana awa ɗaya gam ɗin ya yi laushi wutsiya ta goce baka sani ba. Duk inda nauyi yake, mazaunin moto, sandar cikin fiffike, wutsiya, sa gam mai haɗi biyu irin Araldite. Sufa gulu kuma tana cinye wani fom ɗin, irin farin nan mai kama da na kwalin firji narkewa yake yi gabanka, saboda haka kowane gam ka fara ɗiga shi a guntun da ba'a buƙata ka jira kaga abin da zai faru. Kuma kar ka cika, gam nauyi ne, giram goma a wutsiya sai ka ƙara ninkinsa biyu ko uku a hanci kafin ya daidaita.

Yanzu kafin ka manna komai, shimfiɗa tabarma ko ka share tebur ka jona kayan wutan a waje, BA FARFELA. Na rubuta da manya da gangan. Wayoyi uku na moto su shiga uku na ESC, wayar ESC siririya ta shiga layi na 3 a risiba. A FlySky layi na 1 na fallayen fiffike ne masu karkata jirgi, na 2 na fallen wutsiya na kwance mai ɗaga hanci ko sauke shi, na 3 totur, na 4 fallen wutsiya na tsaye. Wayar sarbo kala uku ce, baƙi ko ruwan ƙasa shine -, ja na tsakiya, ɗayar ita ke kai saƙo, duba zanen da ke jikin risiba ka bi. Kullum rimot ake fara kunnawa totur yana ƙasa sannan a jona batir, in an gama kuma batir ake fara cirewa, ka mayar da wannan ɗabi'a tun yau.

Da ka jona zaka ji sarbo sun yi ƙyat sun tsaya a tsakiyarsu, toh a wannan tsayuwar zaka sa musu hannu ya miƙe sak, sannan ka ɗaure da ɗan sukurunsa. In ka manna sarbo a jiki baka yi haka ba zaka zo kaga fallen yana tafiya sosai ta gefe ɗaya ɗaya gefen kuma kaɗan, kuma ɓalle sarbo daga fom ɓarna ce. ESC ma yana so a nuna masa iyakar totur sau ɗaya, kunna rimot totur na can sama, jona batir, da kaji ƙara ka sauke shi ƙasa gaba ɗaya, zai sake ƙara, shikenan. In moto yana juyawa baibai sauya kowanne biyu cikin wayoyin nan uku.

Haɗa jikin kansa ba wuya in ka bi hotunan takarda, abin lura shine miƙewa. Jera komai ba gam tukuna. Ɗora fiffike, sa wutsiya, ka koma baya taku uku ka durƙusa ka hango shi ta baya kamar yadda magini ke hango layin bulo, wutsiyar kwance ta yi layi ɗaya da fiffike, ta tsaye ta miƙe cir. Ɗauki zare ka auna daga bakin fiffiken dama zuwa ƙarshen wutsiya, ka auna na hagu, su zo ɗaya. Sai a sa gam. In kaga mazaunin moto ya ɗan kalli ƙasa da dama kaɗan kar kace kuskuren kamfani ne ka gyara, da gangan aka yi don ya rage jan da farfela ke yi. Ƙarafunan da ke tashi daga sarbo zuwa falle kuma, a jikin falle sa su a ramin da ya fi nisa, a hannun sarbo ramin ciki ko na tsakiya, haka motsin zai zama kaɗan jirgin ya yi sanyin hali. Mai koyo baya buƙatar falle mai wawan motsi. Wayoyin eriya biyu na risiba ka raba su ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, nesa da batir da moto.

Toh ga inda nake so ka tattara hankalinka, ma'aunin nauyi. Kowane jirgi yana da wurin da in ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike zai tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba, a takarda zaka ga an rubuta CG da lamba. In ba'a rubuta ba auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, wurin yana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba. Misali faɗin santimita 20 ne, sa alama da biro a santimita 5 zuwa 6 da rabi, dama da hagu kusa da jiki. Sa batir da komai kamar yanzu zai tashi, ɗora a yatsunka kan alamar, abin da ake so ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ce ta yi ƙasa kar ka fita dashi ko da wa ke jiranka a fili. Matsa batir gaba, in ya ƙure ka manna kwabbai ko noti a cikin hanci har ya zo.

Dalili kuwa, in nauyi ya koma baya wutsiya bata da ƙarfin riƙe shi, kana jefawa zai ɗaga hanci sama gudunsa ya mutu iska ta daina ɗaukar fiffiken, ya kifo ta gefe, kuma duk abin da ka taɓa a rimot ƙara haukata shi zai yi. Mai nauyin hanci kuwa zai tashi, sauka ce kawai zai yi da ɗan gudu. Jirgina na farko haka na rasa shi, na yi sati biyu ina haɗi da daddare bayan isha'i, na auna da batir a wuri ɗaya amma ban ɗaure batir ɗin ba, ina jefawa ya zame baya. Wlh ranar har gida ban yi magana da kowa ba. Tun daga nan nake manne batir da abin nan mai kamawa irin na takalmin yara, in ƙara ɗaure shi da maɗauri, in zana layi a inda yake zama.

Awo na biyu shine ina fallayen suke zuwa. Tsaya a bayan jirgin hancinsa na kallon gaba. Tura sandar dama ta rimot zuwa dama, fallen fiffiken dama ya ɗaga sama na hagu ya yi ƙasa. Jawo sandar zuwa cikinka, fallen wutsiya na kwance ya ɗaga sama. Tura sandar hagu zuwa dama, na tsaye ya karkata dama. Wanda ya saɓa shiga saitin rimot ka juya layinsa. Kar ka tsaya a kan ai yana motsi, kalli INA yake motsawa, ka faɗa da bakinka, kuma kowane tashi sai ka maimaita ko da ka shekara goma kana yi.

Na uku, saita abin da zai faru in saƙo ya yanke. A FS-i6 yana cikin saitin risiba, ka sa layi na 3 ya koma ƙasa gaba ɗaya. Gwada shi ba farfela, ba moto wuta kaɗan ka kashe rimot, in bai tsaya ba baka gama ba. Jirgin da ya ƙwace da totur a buɗe Allah kaɗai ya san kan wa zai sauka. Bayan wannan ne zaka ɗaura farfela, gefen da aka rubuta lamba ya kalli inda jirgi zai dosa, ko a gaba take ko a baya.

Batir ɗin nan kuma a ji tsoronsa. Sel uku ne a ciki, kowanne cikarsa bolt 4.2, duka 12.6 kenan, a yi cajinsa a 2.2A da ƙaramar wayar nan fara a jone don sel ɗin su cika tare. A kan siminti ake caji, ba kan katifa ko kafet ba, kana wurin, bokitin yashi a kusa. Kar ka jona ka tafi masallaci ko ka kwanta. Cajar B6 da bolt 12 take aiki don haka in ba wuta batir ɗin mota ko na sola ya isa. In ya kumbura ko ya huje ya gama aiki. Kar ka shanye shi a sama, sa agogon rimot minti 6 a farko ka sauko ka auna, in kowane sel yana wajen 3.7 ka yi daidai.

Kafin ranar tashi samu manhajar koyo a kwamfuta ka jona rimot ɗinka ka yi ta faɗuwa a can kyauta, ko sati ɗaya ne. Abin da ke rikita kowa shine in jirgi ya juyo yana fuskantarka dama ta zama hagu. Dabarar ita ce ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa kamar zaka tokare shi, zai miƙe.

Wurin tashi a Zariya sai an yi tunani, don garin nan ba kamar sauran ba ne. Filin jirgin makaranta yana tsakiyar mutane kuma ɗalibai ƙasa-ƙasa suke shawagi, ga barikin Basawa ga Defot, duk ka yi nesa dasu sosai, kar ka ma gwada. Hukumar NCAA ce ke sa ido kan harkar jiragen sama a Najeriya kuma tun 2016 ta fitar da sanarwa kan jirage marasa matuƙi cewa sai da izini, har da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka ka nemi sanin ƙa'idar da ta shafe ka kafin ka fara. Kar ka haura mita 120, kar ya ɓace wa idonka. Ka fita bayan gari inda aka girbe gona bayan kaka, ba turakun wuta ba eriyar waya, kuma yadda yanayin tsaro yake yanzu mutane in sun ga abu na yawo a sama hankalinsu tashi yake, da gaskiyarsu. Je ka gaida mai unguwa, nemi mai gonar, nuna wa 'yan sintiri jirgin a hannu su taɓa su ga fom ne ba kyamara. Yara kuwa dole su taru, tara su duka a bayanka ka sa babba ɗaya ya tsare su.

Lokaci kuma da sassafe ne bayan an fito sallar asuba gari ya waye, ko dab da magariba. Da hunturu in hantsi ya yi iska ta taso jirgin kilo ɗaya ba zai iya da ita ba, da damina kuma in kaga hadari ya haɗo ko daga nesa ne nannaɗe kayanka. Ɗebi ƙasa ka watsa sama kaga inda iska ta nufa, kai kuma ka fuskance ta. Ba wani ya riƙe jirgin ka yi nisa taku talatin ko fiye ka ga fallaye na amsawa ba tsinkewa. In da wanda ya iya a kusa bashi ya fara tashinsa ya daidaita maka, ba abin kunya bane.

In kai kaɗai ne, abokinka ya riƙe ta ƙarƙashin fiffike, totur kashi uku cikin huɗu, ya jefa shi a miƙe kamar mai jifan mashi zuwa ga bakin gona, ba sama ba. Bar shi ya yi gudu tukuna sannan ka ɗan jawo kaɗan. Hau sama sosai kafin ka yi kwana ta farko, sama ita ce ke baka lokacin gyara kuskure. Rage totur zuwa rabi, ka riƙa taɓa sanda kaɗan kana saki, kar ka danne. In kaga yana ja gefe ɗaya da kansa yi amfani da ƙananan maɓallan gefen sanda har ya tafi sak in ka saki hannu. Tun a minti na uku fara gwada hanyar sauka, ka zo ka wuce sau biyu, kar ka jira sai batir ya yi sanyi. Sauka ma iska ake fuskanta, rage wuta ya riƙa zubowa a hankali, in ya rage kamar tsayin gwiwa kashe totur ka jawo sanda kaɗan ya zauna da cikinsa.

Da ya tsaya cire batir kafin kowane yaro ya iso wurin. Taɓa moto da ESC da bayan yatsa, ɗumi ba komai, in baka iya riƙewa sakan biyar ba farfelar ta yi masa girma. Juya moton da hannu ka saurara, maganaɗisun ciki yana jawo baƙin yashi daga ƙasar gona, in kaji ƙaras ƙaras hure shi ka share da tsohon buroshin haƙori kafin ka sake kunnawa. Duba gam ɗin wutsiya da maƙalan fallaye ko wani ya saki. In ka koma gida kuma ba zaka sake fita ba sai wani satin, sa caja ta mayar da kowane sel 3.8, ka ajiye batir ɗin a gwangwani a inuwa inda yara basa kaiwa.